Igiya, duwatsu da furanni: yadda aka yi jinyar yaran da LRA ta sace a arewacin Yuganda

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Igiya ce doguwa, da tulin duwatsu manya da ƙanana da aka tsinto a gefen hanya, sai furanni da aka tsinko a bayan gari. Mai ba da shawara zai shimfiɗa igiyar a ƙasa, ya nuna wa yaron da ke zaune kusa da shi bakinta, ya ce masa nan ne ranar da aka haife shi. Daga nan igiyar ta miƙe har zuwa yau. Ragowar da aka bari a nannaɗe a ɗaya gefen ita ce rayuwar da ba ta zo ba tukuna. Sai a ce wa yaron ya bi igiyar tun daga farko. Duk inda wani abin farin ciki ya same shi ya ajiye fure, duk inda masifa ta afka masa ya ajiye dutse, girman dutsen gwargwadon nauyin abin a zuciyarsa. Kowane dutse a sa masa suna, a faɗi wurin da abin ya faru da lokacinsa, amma ba a shiga cikin labarin a ranar.

Da wannan ake buɗe jinyar da aka yi wa wasu matasa a sansanonin 'yan gudun hijira na arewacin Yuganda tsakanin 2007 da 2009, matasan da 'yan tawayen ƙungiyar Lord's Resistance Army (LRA) suka sace suna ƙanana, suka mayar da su mayaƙa da 'yan dako da matan dole. Na ɗauko wannan lamari ne saboda yana cikin 'yan ƙalilan da aka bi diddigin sakamakonsu da ma'auni. Yawancin ayyukan irin wannan, shaidarsu ba ta wuce hoton yara suna murmushi a rahoton ƙarshen shekara. Ƙari a kan haka, a yankin guda kuma a shekarun da ke kusa da juna, an gwada wata hanya ta wasanni da zane-zane wadda ba ta ba da abin da aka sa rai ba. In aka jera su biyun, ana iya ganin inda hoto yake taimakon wanda yaƙi ya taɓa, da inda ƙarfinsa yake ƙarewa.

Yaƙin da ya ci 'ya'yan gida

Bayan Yoweri Museveni ya karɓi mulki a Janairun 1986, ƙasar Acholi da ke arewa ta shiga tawaye kala-kala. Wata mata mai suna Alice Auma, wadda aka fi sani da Lakwena, ta tara runduna tana cewa ruhi ne ke ba ta umarni, har sojojin gwamnati suka murƙushe su kusa da Jinja a 1987. Daga ɓurɓushin wannan tawaye Joseph Kony ya taso da ƙungiyar da daga baya ta zama LRA. Da mutanen Acholi suka ƙi ba shi goyon bayan da yake so, sai ya juya kansu. Sata ta zama hanyar ɗaukar mayaƙansa. Hukumomin agaji sun daɗe suna cewa yaran da aka sace sun haura 20,000, wani bincike da aka yi gida-gida kuwa ya ƙiyasta cewa matasan da aka taɓa sacewa, ko da na kwana ɗaya ne, sun kai kimanin 66,000.

Abin da ya bambanta wannan yaƙi shi ne yadda ake ɗaure yaro da laifi. Sabon kamu akan shafa masa man kaɗe a jiki, a ce masa daga yau ruhi na ganinsa duk inda ya nufa. In wani ya yi yunƙurin gudu aka kamo shi, yara 'yan'uwansa ake sawa su kashe shi da kulake. Wasu an tilasta musu kashe maƙwabta ko dangi, don a toshe musu hanyar komawa gida. A daren 10 ga Oktoban 1996 'yan tawayen suka shiga makarantar kwana ta 'yan mata ta St Mary's da ke Aboke suka kwashe ɗalibai 139. Mataimakiyar shugabar makarantar, Sista Rachele Fassera 'yar Italiya, ta bi sawunsu cikin daji ta roƙo aka sako mata 109, aka riƙe 30. Wanda ya san abin da ya faru a Chibok a 2014 ba ya buƙatar a yi masa bayanin halin da iyayen Aboke suka shiga.

Gwamnati kuma, tun daga 1996, ta riƙa kora mutane daga ƙauyukansu zuwa sansanoni da sunan kare su. Kafin tsakiyar shekarun 2000 mutanen da ke cikin sansanoni sun kai wajen miliyan 1.8, ciki har da kusan duk mutanen karkarar Acholi. Gaba kura, baya sayaki. Wani bincike na ma'aikatar lafiya ta ƙasar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005 ya nuna cewa ana rasa rayuka kimanin 1,000 a kowane mako fiye da yadda aka saba, galibi saboda cututtuka. A lokacin da satar ta yi ƙamari, dubban yara kan taka da ƙafa kowace yamma zuwa cikin garin Gulu da Kitgum, su kwana a tashar mota da barandar shaguna da harabar asibitin Lacor, da safe su koma.

Akwai wani rashi da alƙaluma ba sa nunawa. Mutanen Acholi suna da abin da suke kira wang oo, wato zaman da iyali kan yi da dare a bakin wuta a tsakar gida, dattawa suna ba da tatsuniyoyi da tarihin dangi, ana warware matsalolin gida. Kamar dai hirar dare da tatsuniyar kaka a wurinmu. A sansani, inda bukkoki ke manne da juna kuma akwai dokar hana fita da dare, wannan zama ya mutu. Yaron da ya dawo daga daji da labari mafi nauyi a rayuwarsa ya tarar an rushe ainihin wurin da al'ummarsa ke sauraron labari.

Abin da aka fara gwadawa

Wanda ya tsero ko sojoji suka ceto, yawanci akan kai shi cibiyar karɓar yara, irin ta GUSCO ko ta World Vision da ke Gulu. Akan yi masa maganin raunuka, a ciyar da shi, a nemo danginsa, bayan 'yan makonni a mayar da shi da katifa da 'yan kayan amfani. Dokar afuwa ta shekarar 2000 ta ba shi kariya daga tuhuma. A waɗannan cibiyoyi zane ya zama ruwan dare. A ba yaro takarda da fensir mai launi, sai ka ga bukka tana ci da wuta, mutane ɗaure da igiya ɗaya a kugu, jirgi mai saukar ungulu a sama. Waƙa da rawa da wasan kwaikwayo su ma suna cikin tsarin.

Ba na raina wannan aiki. Yaron da ya yi shekara uku ba a tambaye shi ra'ayinsa a kan komai ba, ba ƙaramin abu ba ne a miƙa masa fensir a ce zana abin da kake so. Kuma zanen yara shaida ne mai ƙarfi. A 2005 wasu ma'aikatan Human Rights Watch biyu, Annie Sparrow da Olivier Bercault, suna hira da 'yan gudun hijirar Darfur a gabashin Chadi, sai suka ba yara takardu don su sami abin yi. Ba wanda ya ce su zana yaƙi, amma abin da suka zana ke nan: jirage suna ruwan bama-bamai, mahaya dawakai da raƙuma suna ƙona ƙauye. Zanen ya zagaya duniya. Sai dai zama shaida daban, warkar da mai zanen daban.

An auna wannan a Yuganda. A 2005 Paul Bolton da abokan aikinsa suka yi gwaji da matasa 314 masu shekara 14 zuwa 17 a sansanoni biyu kusa da Gulu. Kafin su fara, sun tambayi mutanen wurin sunayen da suke kiran damuwa da su, suka samo kalmomi irin su two tam, wato ciwon yawan tunani, da par da kumu, suka gina ma'auninsu a kan waɗannan. Aka raba matasan uku. Kashi ɗaya suka yi zaman tattaunawa na rukuni a kan dangantakarsu da mutane da rashin da suka yi, kashi na biyu suka shiga shirin wasanni da waƙe-waƙe da zane wanda aka ɗauko daga tsarin ƙungiyar War Child ta Holan, na uku suka jira. Bayan mako 16, zaman tattaunawar ya rage baƙin ciki sosai a tsakanin 'yan mata. Shirin wasannin kuwa bai rage shi ba.

A gefe guda, mai binciken al'adu Grace Akello, wadda ta zauna da yaran da yaƙin ya raba da gidajensu a Gulu, ta gano yadda suke jinyar kansu a ɓoye. Suna sayen ƙwayoyin sa barci, suna zagaye makwancinsu da ganyen wani tsiro da ake kira atika don korar abin da ke zuwa musu da dare. Manya kuma suna yabon yaron da ya danne damuwarsa ya yi shiru. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe. Mu ma mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mukan ce wa wanda aka zalunta ya bar wa Allah ya manta. Haƙuri abu ne mai kyau. Amma yaron da ke farkawa da ihu kowane dare ba ƙin mantawa ya yi ba, kasawa ya yi.

Daga ina igiyar ta fito

Hanyar da ake magana a kai, wadda masu ita ke taƙaita sunanta da NET, jinya ce ta hanyar ba da labarin rayuwa. Masana halayyar ɗan Adam uku na Jami'ar Konstanz da ke Jamus suka tsara ta: Maggie Schauer, Frank Neuner da Thomas Elbert. Tushenta biyu ne. Na farko daga Cile, zamanin mulkin Pinochet, inda wasu masana biyu, Elizabeth Lira da Eugenia Weinstein, suka riƙa rubuta shaidar waɗanda aka azabtar, suka lura cewa rubuta shaidar kanta tana sauƙaƙa wa mutane. Da suka wallafa aikinsu a 1983, da sunayen aro suka yi don tsoron hukuma. Tushe na biyu shi ne tsohuwar dabarar likitocin ƙwaƙwalwa ta sa mutum ya fuskanci abin da yake tsoro a hankali, a wuri mai aminci, har tsoron ya lafa.

Matsalar wannan dabara ta biyu ita ce an gina ta ne don mutumin da masifa guda ta afka wa, kamar haɗarin mota. Za a ce masa ya zaɓi abu mafi muni da ya same shi a yi aiki a kansa. To wanda aka sace, aka yi masa dukan kawo wuƙa, ya ga an kashe ƙaninsa, aka yi masa ruwan wuta daga sama, shi ma ya kashe, wanne zai zaɓa? Shi ya sa masu wannan hanya suka ce a bi rayuwar gaba ɗayanta, daga haihuwa zuwa yau.

Bayaninsu game da ciwon shi ne mafi amfani a ganina, domin kowa zai iya gane shi. Sun ce tunanin abin da ya wuce iri biyu ne, mai sanyi da mai zafi. Mai sanyi shi ne sanin yaushe abu ya faru, a ina, ina da shekara nawa, me ya gabace shi, me ya biyo baya. Mai zafi shi ne abin da jiki ya ɗauka: ƙarar bindiga, warin hayaƙi, bugun zuciya, bushewar maƙogwaro, tunanin cewa yau kwanana ya ƙare. A abin da ya faru cikin kwanciyar hankali, biyun a haɗe suke. A cikin tsananin firgici kuwa mai zafin yakan kafu da ƙarfi, mai sanyin ya kasa kafuwa. In masifun suka yi yawa sai masu zafin su sarƙe da juna, ba kwanan wata ba sunan wuri. Daga nan ƙaurin ciyawa da maƙwabci ya ƙona ya isa ya tayar da su duka lokaci guda, jiki ya ɗauka yanzu abin yake faruwa. Wannan ne ciwon da likitoci ke kira PTSD a taƙaice: mugayen mafarkai, ganin abin kamar a gaban ido, gudun duk abin da zai tuna da shi, zabura a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Aikin jinyar shi ne a ɗinke biyun. Kowane dutse a mayar masa da ranarsa da wurinsa, har jiki ya yarda cewa abin ya wuce.

An fara gwada hanyar a matsugunin Imvepi da ke arewa maso yammacin Yuganda, da 'yan gudun hijirar Sudan 43. Sakamakon da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa bayan shekara guda, kashi 29 cikin 100 na waɗanda suka yi zama huɗu na NET ne kawai ke da ciwon har lokacin, alhali a waɗanda aka yi wa nasiha ta yau da kullum kashi 79 ne. Mutanen ba su da yawa, amma ratar ta isa a ci gaba. Daga baya a Nakivale, da 'yan gudun hijirar Ruwanda da Somaliya 277, aka nuna cewa 'yan gudun hijira da aka horar na 'yan makonni za su iya yin aikin da kansu.

Yadda zaman yake

A ce yarinya ce 'yar shekara 17, ta ajiye duwatsu tara da furanni huɗu a kan igiyarta. A ƙarshen zaman farko za a zana igiyar a takarda ko a ɗauki hotonta. Tun a nan wani abu yakan faru. Wadda take ganin rayuwarta duhu ce zalla sai ta ga da idonta akwai furanni kafin dutsen farko, ranar da aka sa ta makaranta, akuyar da kakarta ta ba ta, kuma ga igiya nan a nannaɗe ba ta ƙare ba.

A zama na gaba sai a fara daga haihuwa. Inda hanya take shimfiɗe akan wuce da sauri. Da an tunkari dutse sai mai ba da shawara ya rage gudu. Zai fara da kafa turaku: wane lokaci ne na shekara, an yi girbi ko ba a yi ba, da safe ne ko da dare, wa ke gida. Sannan a shiga cikin abin daki-daki.

"Da kika ji an buga ƙofar, me kika fara gani?"

"Me kika ji a jikinki a lokacin?"

"Yanzu da kike faɗa mini, kina jin hakan a ƙirjinki?"

Wannan kai-komo tsakanin wancan lokaci da yanzu shi ne zuciyar aikin. Yarinyar tana rawar jiki kamar a daren, amma tana jin tabarma a ƙarƙashinta, tana ganin hasken rana, ga mutum zaune bai kawar da kai ba, bai ce ta yi shiru ba, bai nuna ƙyama ba. In magana ta maƙale, a nan zane yake shigowa. A ba ta takarda ta nuna inda bukkar take, inda ta tsaya, ta ina suka shigo. Da ƙananan yara akan yi amfani da 'yan gumakan wasa a jera abin da ya faru. Shi zanen nan tsani ne da ake takawa a kai ga kalma, ba a tsayawa a kansa.

Akwai doka guda da ba a karyawa: ba a tashi a tsakiyar dutse. Sai an kai labarin inda haɗarin ya wuce a wannan rana, numfashi ya daidaita. Shi ya sa zama kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. Wanda ya buɗe labarin ya bar shi a buɗe, fama miki kawai ya yi. Yaran Gulu sun sha wannan a hannun baƙi masu ɗauke da kyamara da littafin rubutu, kowa ya zo a kira yaro ya maimaita yadda aka sa shi kisa, baƙo ya share hawaye ya shiga mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi a kan al'adar tara mutane bayan masifa a sa su amayar da abin da ya faru a zama guda.

Mai ba da shawara yana rubutawa. A farkon kowane zama zai karanta abin da aka faɗa a baya, mai labarin ta gyara, ta ƙara abin da ta tuna. A zama na ƙarshe a karanta tarihin duka daga farko har ƙarshe, a yi maganar abin da take fata a ragowar igiyar, su sa hannu, a miƙa mata takardar. Tata ce. In ta so ta ɓoye, in ta so ta nuna wa 'ya'yanta wata rana, in ta so ta ba masu kare haƙƙin ɗan Adam.

Gwajin da sakamakonsa

Verena Ertl ce ta jagoranci gwajin na arewacin Yuganda, tare da Neuner da Elbert da wasu. Sun fara da tantance matasa 1,113 masu shekara 12 zuwa 25 a sansanoni. Daga cikinsu aka ɗauki 85 waɗanda aka taɓa sacewa kuma aka tabbatar suna da ciwon. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a: 29 suka yi zama takwas na NET, 28 suka yi zama takwas na darussan cike giɓin karatu haɗe da nasiha, 28 suka shiga jerin jira. Rukuni na biyu yana da muhimmanci, domin shi ne zai nuna ko kulawa ce kawai ke aiki, wato samun babba ya zauna da kai sau takwas. Masu jinyar kuma ba likitoci ba ne daga Turai. 'Yan yankin ne da aka horar, masu jin harshen, suna zuwa har inda matasan suke zaune. An sake auna kowa bayan wata 3, wata 6 da wata 12.

Sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta JAMA a 2011. Bayan shekara guda, kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka yi NET sun sami sauƙi na a-zo-a-gani, a sauran rukunan biyu kuwa kusan rabi ne. Darussan karatun ba su fi zaman jira ba wajen rage ciwon.

Abu biyu nake so a lura da su a nan. Na farko, zama takwas a hannun mutumin da ba shi da digirin likita ya yi tasiri a kan ciwon da wasu suka yi shekaru suna fama da shi. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa kuma galibinsu suna Kampala, wannan ne ya sa gwajin ya yi suna. Na biyu, wanda masu tallata hanyar ba su cika tsayawa a kansa ba: rabin waɗanda ba a yi wa komai ba su ma sun sami sauƙi. A watan Agustan 2006 aka sa hannu a kan tsagaita wuta a Juba, LRA ta fice daga Yuganda, kuma a daidai shekarun gwajin mutane suna ta barin sansanoni suna komawa gonakinsu. A fahimtata, barci ba tare da fargabar hari ba da komawa noma sun yi wa mutane da yawa aikin da babu mai ba da shawarar da zai yi musu. Jinyar ta waɗanda zaman lafiya ya zo amma bai iso cikin kansu ba ce. Likitan ƙwaƙwalwa Derek Summerfield ya daɗe yana sukar ƙungiyoyin agaji da mayar da wahalar yaƙi ciwon da sai ƙwararre, alhali abin da mutane ke nema shi ne gona da makaranta da adalci. Wannan gwaji bai ƙaryata shi gaba ɗaya ba. Ya dai nuna cewa akwai wani kaso da gona kaɗai ba ta isar musu.

Abin da igiya ba ta kaiwa

Abin da likita ya kira mugun mafarki, mutumin Acholi yakan kira shi cen, wato ruhin wanda aka kashe ba bisa haƙƙi ba ko aka bar gawarsa ba a binne ba, yana bin wanda ya kashe shi ko ya tsallaka gawar. Neuner da abokan aikinsa sun tarar cewa ƙorafin cen ya fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin waɗanda aka taɓa sacewa. Kuma cen a wurinsu yana iya shafar gida duka. Saboda haka yaron da ke ihu da dare ba abin tausayi kaɗai ba ne a idon maƙwabta, abin gudu ne. Matan da suka dawo da 'ya'yan da suka haifa a daji sun fi kowa shan wannan, su da yaran.

Al'adar tana da nata hanyoyin. Wanda ya daɗe a waje akan sa shi ya taka ɗanyen ƙwai kafin ya shiga gida, abin da suke kira nyono tong gweno. In kisa ne tsakanin dangi biyu akwai mato oput: mai laifi ya amsa laifinsa, a biya diyya, ɓangarorin biyu su durƙusa su sha wani jiƙo mai ɗaci na saiwar itacen oput daga ƙwarya guda. A lura, shi ma wannan labari ne da alama, sai dai a gaban jama'a ake yin sa. Cikas ɗinsa a wannan yaƙi shi ne sai an san wa ya kashe wa. Yaron da aka sa ya kashe baƙo a wani daji da bai san sunansa ba, dangin wa zai je ya sha ɗaci da su? A ɗaki, shi da mai ba da shawara, zai iya faɗin abin har ya daina zabura. Amma takardar da ya sa wa hannu ba ta sa maƙwabciya ta bar 'yarta ta aure shi.

Sannan akwai abin da dutse da fure ba su da wurinsa. Dutse abin da aka yi maka ne. Wanda kai ka yi fa? Wasu tsofaffin mayaƙa sun faɗa wa masu bincike cewa akwai lokacin da faɗan ya daina ba su tsoro, ya koma yana yi musu daɗi. Wannan ya sa daga baya, a aikin da aka yi da tsofaffin mayaƙa a gabashin Kwango, aka ƙara alama a kan igiyar: sanda, don abin da mutum ya aikata da hannunsa, ba tare da an riga an yanke cewa fure ne ko dutse ba. Akan kuma sa kyandir a inda aka yi rashi. Duk wanda ke aiki da waɗanda suka fito daga hannun Boko Haram a Borno, ko yaran da suka tashi a dabar 'yan bindiga a Zamfara, zai gamu da wannan tambaya ta sanda ko ya so ko bai so ba, kuma al'ummar da za a mayar da su cikinta tana da nata duwatsun da ba wanda ya zauna ya ƙirga da ita.

Dominic Ongwen misali ne na igiyar da ke ɗauke da duka biyun. An sace shi yana yaro a hanyarsa ta zuwa makaranta, ya girma a daji har ya zama babban kwamanda. Yana cikin mutum biyar da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kamawa a 2005. Lauyoyinsa sun kafa hujja da satar da aka yi masa da kuma taɓin hankali, kotu ba ta karɓi hakan a matsayin abin da zai wanke shi ba. A Fabrairun 2021 aka same shi da laifuka 61, a watan Mayu aka yanke masa ɗaurin shekara 25. A Fabrairun 2024 kotun ta ba da umarnin biyan diyyar da ta haura Yuro miliyan 52 ga mutane kusan 50,000: Yuro 750 ga kowane mutum a matsayin alama, da Yuro miliyan 15 don shirye-shiryen farfaɗo da al'umma, ciki har da kula da lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa. Ongwen ba shi da ko sisi, don haka asusun kotun na tallafa wa waɗanda aka zalunta ne zai bi ƙasashe yana neman kuɗin. Yaran da suka jera duwatsu a kan igiya a 2007, mafi ƙanƙantarsu yanzu ya kai shekara 30.